Waken da Ya Shiga Jarida

Laraba, da yamma

Yau na shiga jarida. Ban so ba.

Baba ne ya shigo da ita a hammata, ko hannu bai wanke ba, ƙasar lambu cike da farcensa. Tun daga ƙofa yake kira, "Uwata! Uwata, zo ki ga kanki!" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ga ni a shafin ciki, riƙe da gwangwanin madara, kaina a sunkuye, ɗankwalina ya karkace. A sama an rubuta da manyan baƙaƙe: YARINYA TA GANO SIRRIN NINKA AMFANIN GONA DA SUKARI.

Yaya ta fizge ta karanta da muryar masu labarai. Da ta gama ta durƙusa a gabana ta ce, "Farfesa, a taimaka a ninka mini kayan sawa, nawa sun ƙare." Umma ta yi dariya har da share hawaye. Ni ma na yi murmushi. Ban ci abinci da yawa ba.

Alhamis, bayan an taso makaranta

Bari in rubuta yadda aka yi tun ban manta ba, don yanzu kowa ya fi ni sanin labarin.

Malamar kimiyya ce ta ce kowa a ajinmu, 'yan aji ɗaya, ya yi ɗan gwaji saboda ranar buɗe sabon ɗakin kimiyya. Ni na zaɓi wake, don Baba dashe yake sayarwa a bakin titi, na saba da shuka. Gwangwani huɗu na yi. Biyu ina ba su ruwa zalla, biyu ina ba su ruwa da cokalin sukari. Tagar ajinmu uku kawai ta ɗauka, sai na tura ɗaya daga cikin masu sukarin bayan kabad.

Ranar buɗewa babban baƙo ya makara. Ɗan jaridar da aka turo don ɗaukar hoton yanke ƙyalle ya gaji da jira, sai ya shiga zagaya tebura yana danna waya. Ya tsaya a nawa. Ya ga na bayan kabad ɗin nan, dogo zalalau, kusa da gajeru biyu masu ruwa zalla. Ya ari rulata ya auna. Gajeren santimita goma, dogon ashirin. Ya ce, "Kai! Ƙarin kashi ɗari bisa ɗari!"

Sai tambayoyi, ko numfashi ba ya yi.

"Ke nan sukari ne ya ninka shi?"

Na gyaɗa kai.

"Ke nan manoma za su iya ninka girbinsu?"

Na gyaɗa kai.

In babba yana magana haka nake yi. Ba "e" nake nufi ba. Ina nufin ina ji ne. A gida kowa ya san haka. Shi bai sani ba.

Gwangwani uku ya gani a teburin. Na huɗun ba zan rubuta maganarsa yau ba.

Juma'a, da rana

An kira ni gaban asambuli. Shugaban makaranta ya ɗaga jaridar sama ya ce ni ce abin koyi. An tafa. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Malamar kimiyya tana tsaye a gefe. Ba ta tafa ba. Takalminta take kallo.

Asabar, da la'asar

Na wuni a lambu. Baba ya sa an yi wa shafin firam da gilashi, ya rataye a jikin rumfar da yake zama, sama da inda yake rataye almakashinsa. Duk wanda ya tsaya sayen fure sai ya nuna masa. Wata mata ta zo da mota ta ce irin na jarida take so, mai sukari. Baba ya ce yana nan tafe.

Rediyon mai gyaran taya na kusa da mu ya faɗi labarin. Amma su ba "kashi ɗari" suka ce ba, cewa suka yi "ninki ɗari." Mai gyaran taya ya ƙwalo wa Baba kira, "Maƙwabci, ka ji? Buhu ɗaya ya zama ɗari! In an fara rabon kuɗi ka tuna da wanda yake ba ka iska kyauta!"

Na lissafa a zuciyata. In ninki ɗari ne, waken nan ya wuce benen asibiti tsawo. Ban faɗa wa kowa ba.

Lahadi, da safe

Na leƙa bayan tankin ruwa. Abin da na ɓoye yana nan.

Litinin, da yamma

Baba ya sayo sukari. Ba na shayi ba.

Akwai Mai Gona, wanda yake karɓar dashen tumatir a wajen Baba tun ba a haife ni ba. Duk shekara shi ne babban cinikinmu. Layuka shida na baƙaƙen ledoji Baba ya shirya masa, sun fito da kyau, kore shar, sauran kaɗan ya zo ɗauka. Baba ya ce bana zai ba shi mamaki.

Ya tsuguna gaban bokitin ban ruwa ya ce, "Uwata, cokali nawa kika sa?"

Umma ta ce, "Sukarin da ko a shayi aunawa muke, shi za a ba tumatir?"

Baba ya ce, "Ke dai ki bari masu ilimi su yi magana."

Da ya ce masu ilimi, ni ya kalla. Bai taɓa kallona haka ba. Yaya ce yake kallo haka, ita da bakinta ba ya mutuwa.

Na ce, "Ɗaya."

Abin da na ce ke nan. Ɗaya.

Talata, lokacin tara

Malama ta kira ni ɗakin malamai da ba kowa. Ta ce ta buga wa jaridar waya, an ce mata ɗan jaridar ya fita, ta rubuta musu saƙo, shiru. Ta ce Shugaba ya ce ta bar maganar, makaranta ta yi suna, iyaye suna ta zuwa neman gurbi.

Ta ce, "Tsiro ɗaya ba ya zama hujja. Ko ɗari ne sai an sake, an sake. Kin gane ko?"

Na gyaɗa kai. Sai na tsani kaina, don ga shi na sake.

Ta ce, "Ba laifinki ba ne. Gobe jibi an manta. Ai ba wanda zai ɗauki abin da gaske ya zuba wa gonarsa sukari."

Na kalli allon da ke bayanta. Aka buga ƙararrawa.

Laraba, da asuba

Ban yi barci da kyau ba. 

Alhamis, da yamma

To bari in rubuta.

Gwangwani na huɗu shi ma mai sukari ne. Shi ne wanda ya zauna a taga, ya sha rana daidai da masu ruwa zalla, kuma shi nake ba sukarin kullum ba fashi. Ya mutu. Gindinsa ya ruɓe, farar fumfuna ta rufe ƙasar, kiyashi suka yi masa layi. Na bayan kabad kuwa, mai tsawon, sau biyu ko uku kawai ya ga sukari, don janye kabad ɗin da wuya, daga nesa nake watsa masa ruwan buta.

Da safen ranar buɗewa Shugaba ya zagayo duba tebura. Ya toshe hanci ya ce, "A ɗauke wannan ƙazantar, baƙi za su zo." Na sa shi a leda na tura cikin jakata. Da na dawo gida na kasa zubarwa, na ɓoye bayan tanki.

Shi ne gwajin. Sauran duk ado ne.

Yau kwana nawa ke nan Baba yana ba layuka shidan nan ruwan sukari.

Juma'a, da yamma

Kiyashi a lambu. Da farko layi ɗaya daga gindin rumfa, yanzu ko'ina.

Baba ya murza ganye ɗaya tsakanin yatsunsa, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ƙila sai sun sha wuya kafin su miƙe. Naki ma haka ya yi ko?"

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Sai wani ya tsaya tambayar kuɗin dashen lemo, Baba ya tashi.

Asabar, da hantsi

Yaya ta je ɗauko tsintsiya bayan tanki. Ta shigo ɗaki riƙe da ledar da yatsa biyu, ta rufe ƙofa da ƙafa.

"Farfesa, gawar waye wannan?"



Ta juya gwangwanin, ta ga takardar da na manna da rubutuna: MAI SUKARI, TAGA. Yaya ba ta son karatu amma ba ta da jinkirin fahimta. Dariyar ta bar fuskarta.

"Ke! Kin san abin da Baba yake zuba wa tumatirin mutane?"

Na fara kuka.

"Kukan me? Kuka zai tsotse sukarin? Ki faɗa masa ko ni in faɗa."

Na riƙe zaninta na ce ta bari ni zan faɗa, gobe. Ta ce, "Shirunki ɗin nan da ake yabo, wai yarinya mai kunya. Ga inda kunyar ta kai mu." Sannan ta zauna bakin gado ta gyara mini ɗankwali. Wannan ya fi zagin ciwo.

Lahadi, da yamma

Na sa gwangwanin a jaka na tafi lambu. Na dawo da shi.

Litinin

Haka.

Talata, da magariba

Mai Gona ya zo da motar ɗaukar kaya. Ina bayan rumfa ina cika ledoji da ƙasa, ba su san ina ji ba.

Bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa da ya fi. Ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya, ya tsuguna, ya ciro ɗaya, ya ga saiwar ta yi baƙi. Ya kakkaɓe kiyashi daga hannun rigarsa.

Ya ce, "Shekara nawa muna tare, ban taɓa ganin haka a hannunka ba. Lafiya kuwa?"

Baba ya ce, "Wani abu na gwada."

"A kan nawa?"



Mai Gona ya ɗaga kai ya ga firam ɗin. Ya daɗe yana karantawa. Ya ce, "Allah ya yi wa yarinya albarka. Amma lokacin dashe ba ya jira, bana zan nema a wani wajen." Motar ta tafi wayam.

Baba bai ambaci sunana ba. Ko sau ɗaya. Ya ɗauki bokitin ya wanke shi sau biyu, ya kife.

A gida Yaya ba ta yi mini magana ba. Ta ajiye mini abinci ta juya.

Laraba

Ban je makaranta ba. Na ce ciwon kai.

Alhamis, da yamma



Ɗan jaridar ya dawo. Lambu ya zo, wani ya gaya masa mahaifin yarinyar ya gwada abin. Ya ce editansa yana son ci gaba, labarin ya karɓu, an yi ta yaɗa shi. Bai ko kalli layukan tumatir ba, ko ya kalla ya zaci ciyawa ce aka nome. Wajen dashen lemo ya ja ni, waɗanda ba su taɓa ganin sukari ba, masu ganye kamar an shafa musu mai. Ya ce in tsaya a tsakiya. Mai gyaran taya ya baro aikinsa, masu jiran mota suka matso.

Ya miƙo wayarsa kusa da bakina. "Ke nan duk wannan koren, sukarinki ne?"

Na ji wuyana yana shirin sunkuyawa da kansa. Na ga Baba a gefe, hannayensa a baya, yana kallon ƙasa. Shi ma ya sunkuyar da kai. Ban taɓa lura ba ashe a wajensa na gada.

Na ce, "A'a."

Ya ce, "Na'am?"

Na ce, "A'a. Waɗancan ne masu sukari." Na nuna masa layuka shidan. Sannan na buɗe jakata, don tun Lahadi ban fitar da gwangwanin ba, na ajiye shi a kan bencin Baba. Na faɗi komai. Taga, kabad, Shugaba da toshe hanci. Muryata tana yankewa, amma na kai ƙarshe.

Mai gyaran taya ya ce, "Ikon Allah. Ashe ninki ɗarin na kiyashi ne." Wasu suka yi dariya. Baba bai yi ba.

Ɗan jaridar ya sauke wayar. Ya ce, "To me ya sa ba ki faɗa ba ran nan?"

Na ce, "Ba ka tambaye ni ko akwai wani ba."

Ya sosa ƙeya. Ya ce wa Baba, ba ni ba, "Dattijo, ka yi haƙuri. Ran nan labari uku aka ɗora mini kafin azahar. Ni ɓangaren ƙwallo nake, wanda yake mana kimiyya ya bar aiki tun bara ba a ɗauki wani ba. Kanun labarin ma ba ni na rubuta ba." Ya kalli gwangwanin ya ce zai gwada ya sa a buga gyara, amma mataccen wake ba ya sayar da jarida.

Bai ɗauki hotonsa ba.

Baba ya rufe rumfa da wuri. A hanya yana gaba ina baya.

Juma'a

Bai kira ni Uwata ba. Bai kira ni komai ba.

Asabar, da rana

Umma ta ce in bar shi ya huce, ba da ni yake fushi ba. In ba da ni ba, da wa?

Yaya ta ce, "An ce kin yi magana gaban mutane. Da ƙarfi? Kai, na yi asarar kallo." Ta ba ni rabin lemonta.

Litinin, bayan an taso makaranta

A aji sun daina ce mini Farfesa. Yanzu Sukari suke kirana. Shugaba ya wuce ni a baranda kamar bango.

Malama ta tsayar da ni. Ta ji abin da ya faru a lambu. Ta ce, "Da na sani da na zo gidanku da kaina. Ni na ce ba wanda zai gwada." Idonta ya yi ja. Ban san yadda ake yi in malama ta ba ka haƙuri ba, sai na kalli takalmina. Sannan na tuna, na ɗago kai na ce, "Ba komai, Malama." Da baki.

Laraba, da yamma

Gyaran ya fito. Malama ce ta gano shi, ni da ban gani ba. Yana shafi na kusa da ƙarshe, ƙarƙashin tallar katifa. Layi uku ne, ƙanana kamar kiyashi: wai binciken da aka ba da labarinsa kwanakin baya bai kammala ba tukuna, ana shawartar manoma su tuntuɓi masana.

Babu hoto. Rediyo bai ce komai ba.

Matar nan mai mota ta dawo tambayar irin na jarida. Baba ya ce babu. Ta ce ai ta ji a rediyo.

Alhamis, da la'asar

Muna kwashe ledojin tumatir muna zazzage ƙasar, ni da Baba. Can ya ce, bai kalle ni ba, "Na bayan kabad ɗin nan. Fari-fari ne ko? Siriri, ganyen ƙanana?"

Na ce e.

Ya ce, "Haske yake nema. Duk tsiron da aka sa a duhu haka yake miƙewa, kwana kaɗan ya faɗi. Tun ranar da na ga hoton zuciyata ta faɗa mini."

Na tsaya da leda a hannu. Na ce, "Baba, to me ya sa?"

Ya daɗe yana kakkaɓe ƙasa daga gwiwarsa.

"Jarida ta faɗa. Rediyo ya faɗa. Kuma 'yata ce ta yi. Sai na ce ni wa? Ƙila ni ne ban sani ba."

Na ce, "Da na faɗa maka tun ranar bokiti."

Ya ce, "Da ni ma na tambaye ki yadda ya kamata. Cokali nawa na ce, ban ce me kika gani ba."

Ya tashi ya sauko da firam ɗin. Gabana ya faɗi, na zaci titi zai jefa shi. Ya buɗe bayan, ya zaro shafin, ya ɗauko almakashin da yake yi wa furanni aski. Ya yanke manyan baƙaƙen na sama. Ya yanke rubutun gefe da na ƙasa, a hankali, yana bin layi. Ya mayar da hoton shi kaɗai tsakiyar gilashin, ƙarami, kewaye da farin kwali, ya sake ratayewa.

Ya ce, "Hoton dai ke ce, Uwata. Sauran nasu ne."

Sannan ya ware mini ledoji ashirin a layin da rana take bugawa daidai, ya ba ni wake cikin tafin hannu. Ya ce goma da sukari, goma babu, kuma duk wanda ya mutu a bar shi a wurinsa kowa ya gani.

Mai Gona bai dawo ba. Baba ya ce sai baɗi, in Allah ya kai mu, shi zai je ya same shi da kansa.

Talata, da safe

Sun fara tsirowa. Mai gyaran taya ya leƙo ya ce, "Farfesa, me aka gano?"

Na ce, "Ban sani ba tukuna."